An ce a jawo taro kusa, ni kuma na tura shi gaba

Assalamu alaikum Malama. Ni mace ce mai shekara 29, ina zaune a Yamai da maigidana da yara biyu. Wata takwas ke nan da na samu aiki a wata ƙungiya mai zaman kanta da ke taimaka wa mata masu ƙananan sana'o'i. Ni ce ke kiran mahalarta taro, in shirya musu tafiya da masauki. Faransanci ba ya ba ni wuya. Ingilishi kuma na yi shi tun daga sizyam, ajin farko na sakandare, har jami'a, ina karantawa ina ganewa. Shugabarmu baƙuwa ce, Ingilishi ne harshenta, da shi take rubuto mana.

A watan jiya muna da horo na kwana uku da zai fara ran Laraba. Sai ta turo saƙo: "The training has been brought forward by two days." Da na ga "forward" na ce ai gaba ke nan, an ɗaga zuwa Juma'a. Har na yi mamakin a ce horo ya ci Asabar da Lahadi, amma na ji kunyar tambaya. Na kira mata goma sha biyu da za su zo daga Tawa na ce su shigo motar Alhamis. Ran Litinin na tarar da kowa a zauren taro, mai koyarwa yana tsaye, ga kujeru goma sha biyu a jere, gaban kowace da gorar ruwa da littafi, babu mai zama. Matan sun shigo motar asubar Talata, kwana ɗaya kawai suka samu. Wani abokin aikina da ya yi karatu a Gana ya yi dariya da ya ji yadda na fahimci saƙon.

Tun daga ranar ban sake samun natsuwa ba. Na je ba shugabar haƙuri ta ce "I'm tied up right now, I'll get back to you", har yau shiru. Na tambayi maganar sabunta kwantiragina da zai ƙare nan da wata uku, ta ce "It's still up in the air." Na gayyace ta sunan ɗan ƙanwata ta ce "Can I take a rain check?" Gani nake duk hanyar nuna mini ƙofa ce. Na sauke jerin irin waɗannan kalmomi guda 500 a waya, ina haddacewa bayan yara sun yi barci, gari na wayewa sun gudu. Maigidana ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, in ajiye aikin tun kafin a sallame ni, in nemi inda Faransanci ya isa. Malama, in ajiye ne?

Wata ƙanwarki daga Yamai

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da wannan nauyi da kike ɗauke da shi wata guda ke kaɗai. Ba zan ce miki abin da ya faru ba komai ba ne, don ke ma ba za ki yarda ba. Mata goma sha biyu sun rufe sana'arsu, sun bar yara a hannun maƙwabta ko kishiya, sun yini a mota kilomita sama da 500 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, suka samu kashi ɗaya cikin uku na abin da suka zo nema. Zafin da kike ji a kan haka zafi ne na mai riƙon amana, kuma na fi son in gan shi a wurinki da in ga babu.

Amsar tambayarki ta ƙarshe zan fara ba ki: kada ki ajiye. Sauran maganata duka dalilai ne da kuma abin yi.

A wasiƙarki akwai jimla ɗaya da nake so ki koma ki karanta, inda kika ce kin yi mamakin horo ya ci Asabar da Lahadi amma kika ji kunyar tambaya. Kin gani ashe hankalinki ya yi aikinsa. Ya ce miki akwai abin da bai daidaita ba. Da a lokacin kin rubuta layi ɗaya kin tura mata, da waɗannan kujeru sun cika. Kalmomin Ingilishi da ba ki sani ba za su ci gaba da zuwa miki har ki yi ritaya, kamar yadda suke zuwa mini bayan shekarun da na yi ina koyar da harshen. Abin da ke hannunki shi ne abin da za ki yi duk lokacin da zuciyarki ta ɗarsa. Kuma na san daga ina kunyar take fitowa. Ke ce sabuwa, kin rubuta a takardar neman aiki cewa kina jin Ingilishi, kina tsoron kowace tambaya ta zama shaida a kanki. Amma a wurin mai ba da aiki, ma'aikaciyar da ke tabbatar da rana kafin ta kira mutane ita ce wadda ake kwana da kwanciyar hankali a kanta.

Kuskuren nan kuwa Hausa ce ta yi miki jagora zuwa gare shi, kuma bisa ƙa'idarta daidai ta yi. Mu idan muka ce an ɗaga biki gaba, ya ƙara nisa ke nan. Gaba a wurinmu ita ce inda ba mu kai ba tukuna. Shi kuwa mai cewa "bring forward" wani hoto ne daban a kansa: ranaku sun yi layi suna tahowa wurinsa, sai ya kamo wadda ke can baya ya kawo ta gaban layi, ta matso kusa da shi. Shi ya sa "bring forward" yake nufin a jawo kusa, "push back" da "put back" kuma suke nufin a tura nesa, duk da "back" ɗin da ke ciki wanda kunnen Bahaushe zai ji kamar an dawo baya. Abin da zai taimake ki a nan yana cikin aljihunki tuntuni. Da Faransanci aka rubuto miki "avancer la réunion de deux jours", da ko ƙiftawa ba za ki yi ba kin san Litinin ake nufi. To "bring forward" shi ne "avancer", "push back" shi ne "repousser". Ki ɗaura su a kan Faransancinki, kada ki ɗaura su a kan gaba da baya na Hausa.

Kuma don ki sauke rabin kunyar nan, ki sani masu harshen su kansu suna tuntuɓe a daidai wannan dutse. Akwai wata jimla da masu binciken harshe da tunani, irin su Lera Boroditsky, suka sha gwada mutane da ita: "Next Wednesday's meeting has been moved forward two days." Sai a tambaye su wace rana taron ya koma. Turawan da aka haifa cikin Ingilishi rabuwa suke yi, wasu su ce Litinin, wasu su ce Juma'a. Gaskiya ne naki saƙon "brought" ya ƙunsa, wanda ma'anarsa ɗaya ce, amma kin ga tazarar da ke tsakanin kuskurenki da nasu kalma ɗaya ce tak. Mutanen Indiya ma sai da suka ƙera tasu kalmar, "prepone", kishiyar "postpone", don su huta da wannan ruɗani. Winston Churchill kuma ya ba da labari a tarihin Yaƙin Duniya na Biyu da ya rubuta, cewa hafsoshin Ingila da na Amurka sun daɗe suna gardama a kan kalmar "table": ɗan Ingila in ya ce a yi wa magana "table" yana nufin a kawo ta a tattauna yanzu, Ba'amurke kuwa yana nufin a jingine ta. Can daga baya suka gane abu ɗaya suke so. Idan manyan sojoji masu harshe ɗaya sun yi haka, mai harshe uku ko huɗu ba ta da dalilin sunkuyar da kai har wata guda.

Wannan ne ya kawo ni kan shugabarku. Tana da nata kaso a cikin abin da ya faru, ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba. Wanda ke jagorantar ma'aikatan da Ingilishi ne harshensu na uku, in zai canja ranar taron da mutane za su taso masa daga wata jiha, haƙƙinsa ne ya rubuta sunan ranar da kwanan wata. Ba na faɗa miki haka don ki je ki ɗora mata laifi ba, wannan zai ɓata abin da muke son gyarawa. Na faɗa ne don ki daina ɗaukar kayan mutum biyu a kanki ke ɗaya.

Yanzu mu buɗe maganganun nan nata da suka hana ki barci. "I'm tied up" ba ya ɗauke da fushi ko kaɗan. An ɗaure ni, wato wani aiki ya riƙe ni a yanzu, kamar ki ce wa baƙuwa "hannuna na cikin ƙullu, ba ni minti kaɗan". "I'll get back to you" shi ne namu "zan neme ki". Kin san yadda "zan neme ki" take a bakinmu: wani lokaci a nema, wani lokaci hidima ta sha kan mutum ya manta, kuma ba laifi ba ne wanda aka yi wa alkawarin ya tuna. A tsarin aikinsu ma ana sa ran ki tuna ɗin, har suna da kalmarsa, "follow up". "Up in the air" kuwa Hausa ta riga ta yi masa fassarar da ta fi shi daɗi: magana tana ƙasa tana dabo. Ba a yanke ba. A ƙungiyoyi irin taku sabunta kwantiragi yakan rataya ne a kan kuɗin da masu ba da tallafi za su saki, kuma sau da yawa shugabar ita ma jira take. Da ta yanke hukuncin rabuwa da ke, ba wannan kalmar za ta ɗauko ba.

Ta sunan ce ta fi ba ni tausayi, don kin ji ƙi a inda aka yi miki kara. "Rain check" daga filin wasan ƙwallon sanda na Amurka ya fito, tun wajen shekarun 1880: idan ruwan sama ya tsayar da wasa, sai a ba ɗan kallo wata ƴar takarda da zai shigo da ita wata rana ba tare da ya sake biya ba. Wanda ya ce miki "Can I take a rain check?" cewa yake yi yau ba zan samu ba, amma ki ajiye mini gayyatar. A wurinmu rashin zuwa suna abu ne mai nauyi, shi ya sa ya soke ki. A wurinta ta ba ki amsa mafi ladabi da harshenta ya tanada. Ki aika mata da ɗan cincin ko dubulan na suna in da saura, ko ki gayyace ta cin abinci wata Asabar. Za ki ga amsar da za ta biyo baya.

Abin da nake so ki yi cikin wannan mako shi ne ki nemi minti goma sha biyar nata a rubuce, kada ki tare ta a bakin ƙofa tana sauri. Layi biyu sun isa: "Could I have 15 minutes this week to talk about the training? Tuesday or Thursday morning would suit me." Idan kun zauna, kada ki tsawaita ban-haƙuri, kada kuma ki yi kuka in kin iya riƙewa. Ki faɗi abin da ya faru a jimla ɗaya: kin fahimci "brought forward" a matsayin ɗagawa, kin yi shakka, ba ki tambaya ba. Sannan ki faɗi abin da kika canja: daga yau duk wani canjin rana ko wuri za ki maido mata da shi a rubuce kafin ki kira kowa. Ga irin layin, ki ajiye shi a waya ki riƙa canja ranar kawai: "Just to confirm, the training now starts on Monday 13 October?" Ki lura na rubuta sunan watan da haruffa. Ki riƙa yin haka kullum, don Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana, 03/04 a wurinsu 4 ga Maris ne, a wurinmu 3 ga Afrilu. Daga nan sai ki roƙe ta, a matsayin abin da zai amfani ofis gaba ɗaya, ta riƙa sa rana da kwanan wata a irin waɗannan saƙonni. Maganar kwantiragi ki bar ta ƙarshe, kuma kada ki tambaya ko za a sabunta. Ki tambayi yaushe za a sani: "When do you expect a decision?" Wannan tambaya tana da amsa, kuma da amsar ce za ki tsara rayuwarki.

Kada ki shiga wurinta hannu rabbana. Ki je da shawarar yadda za a rama wa matan Tawa kwana biyun da suka rasa. Ki karɓi takardun darasin daga mai koyarwa, ki zauna ki mai da su Hausa, ki yi musu saƙon murya gajeru a WhatsApp, darasi ɗaya saƙo ɗaya, yadda mace za ta saurara tana tuyar ƙosai ko tana kan keken ɗinki. In ƙungiyar na da wata tafiya Tawa nan gaba, ki nemi a ƙara yini ɗaya a tara su. Ki duba kuma kada a rage musu kuɗin guzuri ko a hana su takardar shaida saboda kuskuren da ba nasu ba. A nan ne za ki tuna da wani abu da tsoro ya rufe miki: shugabarku ba ta iya yi wa waɗannan mata magana ko ta minti ɗaya sai ta bakinki. Ingilishin da kike ganin ya gaza shi ne ƙaramin abin da aka ɗauke ki dominsa.

Su matan kuma ban ga inda kika ce kin ba su haƙuri ba. In ba ki yi ba, ki kira su ɗaya bayan ɗaya, ba a rukuni ba. Ki fara da babbarsu. Ki ce, "Inna, ni ce na yi kuskuren rana, ba ofis ba, ku yafe mini." Matan da suka san asarar kasuwa sun san kuskure, kuma sun san wanda ya mutunta su.

Abokin aikin da ya yi dariya bai kyauta ba. Amma wanda ya zauna a Gana ya ji waɗannan kalmomi a kasuwa da cikin mota da bakin abokai, ya sha su kamar ruwa, har ya manta akwai ranar da shi ma bai san su ba. Ki gwada shi sau ɗaya. Ki kai masa saƙo ki ce, "Malam, wannan me take nufi a nan?" Mutane da yawa in aka ba su girman malanta sai su ji kunyar dariyar da suka yi, su koma masu taimako. In ya sake mai da abin wasa, kin san matsayinsa, ki nemi wani. Ke ma akwai ranar da zai buƙaci a duba masa wasiƙar Faransanci zuwa wata ma'aikatar gwamnati.

Sai jerin nan na 500. Ki goge shi yau. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ƙwaƙwalwar uwar yara biyu da ƙarfe sha ɗaya na dare ba wurin zuba jeri ba ce. A 2007 wasu masana biyu, Dee Gardner da Mark Davies, sun ƙirga kalmomi irin su "bring forward" da "get back" a cikin wata taskar Ingilishin Birtaniya mai kalma miliyan 100. Suka tarar guda 25 kacal sun ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku na duk inda irinsu suka fito, guda 100 kuma sun haura rabi. Ke ma ba duka ɗarin kike buƙata yanzu ba. Aikinki a kan rana da lokaci da shiri yake, waɗanda ke yawo a wannan fage ba su fi ashirin zuwa talatin ba.

Kuma tsarin nasu ba baƙonki ba ne. Abin da suke kira "phrasal verb" aikatau ne da aka liƙa masa ƴar ƙaramar kalma, sai ma'anar ta tashi daga inda take ta koma wani wuri. Ki dubi "ci" a Hausa. Cin abinci daban, cin kasuwa daban, ga cin amana, cin fuska, cin bashi, cin jarrabawa, cin tara. Ki dubi "sha": shan iska, shan wuya, shan kashi, shan alwashi. Baturen da ya buɗe ƙamus ya ga ma'anar "ci" ya ga ma'anar "fuska" ba zai taɓa haɗa su ya samu wulaƙanci ba. Ke kuwa ba ki taɓa haddace su a jere ba, kowanne kin tsince shi ne a bakin wani, a cikin wani lamari, shi ya sa ya zauna. Haka za ki yi wa "put" da "call" da "get". Abin da ya sa makaranta ba ta ba ki su ba shi ne Ingilishi gida biyu ne. Tun da Normawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi a 1066, harshen ya cika da kalmomin Faransanci da Latin, irin su "confirm", "continue", "arrive", "decide". Su muka fi koya a aji don sun yi kama da abin da muka sani, su ne kuma ke cikin rahoto da jarrabawa. Amma in Bature ya saki jiki yana rubuta wa abokin aiki saƙo, ɗaya gidan yake komawa, na gajerun kalmomi masu jela.

Ki sayi ɗan littafi da zai shiga jakarki. Kada ki jera su bisa haruffa, ki jera su bisa abin da suke yi wa taro. Shafin farko na waɗanda in an kuskure su mutane za su yi tafiyar banza ne. "Put off" an ɗage, za a yi amma ba yanzu ba. "Call off" an fasa, an soke gaba ɗaya. Dubi yadda jelarsu ɗaya amma ɗaya ta bar taron da rai ɗaya ta kashe shi. Wannan biyun ki fi sa musu ido bayan wanda ya riga ya cije ki. "Fall through" shi ne shiri ya sha ruwa, ba wanda ya soke shi, ya rushe ne da kansa, kamar kuɗin da aka sa rai ba su zo ba. "Pencil in" daga fensir ne: an rubuta sunanki ko ranar da abin da ake iya gogewa, saboda haka kada ki kama ɗakin taro ko ki sayi tikitin mota a kan "I'll pencil it in for Friday", ki jira a tabbatar. "Play it by ear" daga makaɗin da ke kiɗa da kunne ba da takarda ba, wato mu ga abin da hali ya yi. "On the back burner" murhun gas ne mai kai huɗu, an mai da tukunyar kan na baya an rage wuta: an jingine maganar, ba a zubar da ita ba.

Na yawan aiki ba su da haɗari sosai, ganewa kawai suke so. "Snowed under" da "swamped" da "I have a lot on my plate" duka aiki ya sha kaina ne, ɗaya ƙanƙara ta binne shi, ɗaya ruwa ya ci shi, ɗaya kwanonsa ya cika. "I can squeeze you in at three" zan matsa in sama miki wuri da ƙarfe uku, ki zo a kan lokaci ki taƙaita. Ki bar shafi ɗaya kuma na kalmomin da Faransanci zai yaudare ki da su: "delay" jinkiri ne, ba wa'adin da "délai" ke nufi ba, "eventually" yana nufin daga ƙarshe za a yi, ba wataƙila da "éventuellement" ke nufi ba.

A ƙarƙashin kowace kalma ki kwafi ainihin jimlar da ta zo miki a saƙo, da wanda ya rubuto, sannan ki sa Hausarta ko Faransancinta. Uku a mako sun isa. Ƙamusun masu koyo na Cambridge da Oxford da Longman kyauta suke a intanet kuma suna ba da misalai. Ki nemi kalmar da jelarta tare, "bring forward" gaba ɗaya, kada ki nemi "bring" ita kaɗai. Fassarar na'ura takan bi kalma-kalma ta kai ki daji a irin waɗannan. In kina da sauran data, shirin BBC Learning English mai suna "The English We Speak" ƴan mintuna ne, salon magana ɗaya yake ɗauka kowane fitowa, kina iya saurara a taksi kan hanyar ofis. Abu ɗaya zai sauƙaƙa miki rabin aikin: ba dole ne ki yi amfani da su ba. Ki gane su in sun zo, amma ke ki rubuta "cancel", "postpone", "earlier", "later". Babu wanda zai raina wannan Ingilishin, kuma babu wanda zai ɓata a cikinsa.

In kina son aji, Cibiyar Al'adun Amurka a nan Yamai an daɗe da saninta da koyar da Ingilishi, ki je ki ji lokutansu da kuɗinsu ki auna da albashinki da hidimar gida. In ya yi nauyi, ki haye Gadar Kennedy zuwa Jami'ar Abdou Moumouni, a sashen Ingilishi ba za ki rasa ɗalibar da za ta zauna da ke awa ɗaya ran Asabar kuna karanta saƙonnin ofis ɗinki, bayan kin cire sunaye da sirrin aiki, a kan ɗan abin da kuka daidaita. Ki tambayi ƙungiyarku ma ko tana da kason horar da ma'aikata. Neman haka a wannan zama da za ku yi zai nuna mata inda kika sa gaba.

Maigidanki kuma ki fahimce shi. Wata guda yana ganin matarsa da waya a hannu tsakar dare tana motsa baki, da safe ido ya yi ja. Abin da ya faɗa tausayi ne, yana son ya raba ki da abin da ke cin ki. Amma ya gina shawararsa a kan fassarar da kika ba shi, cewa ana shirin korarki, kuma kin ga fassarar ba ta tsaya ba. Ki zauna da shi bayan yara sun kwanta ki karanta masa ma'anar maganganun nan. Ki tuna masa kuma cewa guje wa Ingilishi ba mafaka ba ce mai daɗewa a ƙasar nan: kundin tafiyar da mulkin Nijar da aka fitar a Maris 2025, wanda ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ku yi yarjejeniya da shi: wata ukun nan za ki yi su da ƙarfinki, kina kuma sabunta takardunki kina duba wasu guraben a hankali, don kwantiragi na iya ƙarewa saboda kuɗi ko da ba ki taɓa yin kuskure ba. In hakan ta faru, za ki fita da takardar yabo da kusan shekara guda ta ƙwarewa. In kika ajiye yau, labarin kujeru goma sha biyu ne zai zama na ƙarshe da za a tuna da ke a wurin.

Ki roƙe shi ya karɓe miki wayar da ƙarfe goma na dare ya ajiye a ɗakinsa har sati biyu. Gobe da safe kafin ki fita, ki kira babbar matan nan ta Tawa, sannan ki tura wa shugabar layin neman minti goma sha biyar. In kun zauna, ki rubuto mini abin da ta ce, da kalmominta yadda ta faɗe su, mu buɗe su tare. Allah ya ba ki sa'a, ya raya yaran.